Filin Tambayoyinku: Kai Yara Gandun Murjani da Igiya da Littafin Rubutu

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, dukkansu kan teku ne da abin da ke cikinsa. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin ta taɓo mini abin da na daɗe ina son magana a kai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Bur Sudan. Bahaushiya ce ni, kakanninmu kan hanyar aikin hajji suka zo nan suka zauna. Yara hamsin da 'yan kai ne a ajina. Kusan rabinsu yaƙi ne ya koro su daga Khartum da Wad Madani, ba su taɓa ganin teku ba sai da suka zo. Ragowar nan aka haife su, amma in aka tambaye su mene ne murjani sai su ce dutse. Ina so in kai su bakin ruwa su gani da idonsu. Ba mu da jirgi, ba mu da kuɗi, yawancinsu ba su iya iyo ba, iyaye kuma suna tsoro. Ta ina zan fara?
Daga wata malama, Bur Sudan

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya kawo muku ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kafin komai ina so ki san darajar abin da ke bakin ƙofarki. Gandun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a cikinsa suke rayuwa. Bahar Maliya kuwa na daga cikin wuraren da Allah Ya wadata da shi. Dalili shi ne babu wani kogi mai gudana shekara cur da ke zuba a cikinta, don haka laka ba ta gurɓata ruwan, hasken rana na ratsawa har ƙasa. Gishirinta ma ya fi na sauran tekuna, kusan giram 40 a lita ɗaya, alhali na yawancin tekuna 35 ne. Sanganeb, wannan zoben murjani mai hasumiyar fitila da ke tsakiyar ruwa kamar kilomita 25 daga gaɓa, tun 1990 aka keɓe shi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya tare da Dungonab da ke arewacinku. A Sha'ab Rumi, wani gandun murjani da ke arewa da Bur Sudan, Bafaranshen nan mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda suna kwana a zurfin mita 10. Kafin yaƙi mutane kan biya maƙudan kuɗi daga Turai su zo kallon abin da yaranki za su iya gani da kuɗin mota.

Yaran da suka ce dutse ne ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Abin da suke tsinta a gaɓa dutse ne, ƙwarangwal ne na alli. Mai ƙwarangwal ɗin wata 'yar dabba ce mai laushi, yawanci ba ta wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba, da baki a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye da shi. Dubbansu ke zama manne da juna, kowace tana gina ɗan kofinta na alli, masu zuwa su yi gini a kan na magabata. A cikin naman jikinta akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ba mai masaukinta mafi yawan abin da take ci. Launin da ake gani, ruwan ƙasa ko kore ko rawaya, yawancinsa na gansakukar ne. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba kaiwa a tsakiyar bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, sai zaman ya lalace, dabbar ta kori baƙuwarta, ta koma fari fat. Ba ta mutu ba tukuna, yunwa take ji. In ruwan ya huce da wuri takan farfaɗo, in bai huce ba shi ke nan. Sau huɗu wannan ya game duniya: 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sai na huɗun da aka tabbatar a watan Afrilun 2024.

Duk wannan za ki iya rubuta shi a allo, su haddace, su ci jarrabawa, su manta. Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu, kuma na zauna wani lokaci wurin dangi a gaɓar nan taku ina taimaka wa wata makaranta. Fitarmu ta farko da yara har yau tana damuna. Ban tsara musu aikin yi ba, na ce kawai su duba su ga abin da za su gani. Kafin in ankara sun cika bokiti biyu da rassan murjani masu rai da suka ɓalle, kowa na murna zai kai gida. Kwana biyu ajin ya ɗauki wari. A ranar ne suka yarda dabba ce, domin dutse ba ya ruɓewa, amma da tsada muka sayi wannan darasin. Murjani mai rassa yakan ƙaru da kamar santimita 10 a shekara, mai kama da curin dutse kuwa kamar santimita ɗaya. Curin da ya kai ƙugun yaro ya girmi kakan yaron.

Daga nan na gane cewa hannun yaro in ba a ba shi aiki ba zai nema wa kansa. Saboda haka kada ki kai su yawon buɗe ido. Ki kai su awo.

Kayan aikin ba su da tsada. Na farko bokiti mai gindin gilashi: a yanke gindin bokitin roba, a manna gilashi ko roba mai garai-garai, a toshe gefen. In aka danna shi a kan ruwa, ƙyalli da kaɗawar ruwa sun kau, ƙasa ta bayyana tas. Yaron da bai iya iyo ba yana tsaye ruwa iya gwiwa zai ga komai. Uku ko huɗu sun isa aji. Na biyu igiya mai tsawon mita 20, a ƙulla ta kowane rabin mita, ƙulli 40 ke nan. Wannan ba dabarata ba ce, haka masu sa kai na ƙungiyar Reef Check suke yi a ƙasashe da dama tun 1997. A shimfiɗa igiyar a hankali, yaro ɗaya na leƙawa ta bokiti yana faɗin abin da ke ƙarƙashin kowane ƙulli, wani na rubutawa: murjani mai rai, matacce, yashi, gansakuka, ko ɓaraguzai. In an koma aji sai lissafi. Ƙulli 10 cikin 40 sun faɗa kan mai rai, kashi nawa ke nan cikin ɗari? Na ga yaran da kaso cikin ɗari ya gagare su wata da watanni sun gane shi a yini ɗaya, don lambar tasu ce, su suka jiƙe suka samo ta. Na uku ma'aunin zafi, ko da irin na kasuwa ne, a ɗaura masa zare. A rubuta da fensir, biro ba ya jure ruwa.

Akwai kuma wani kati da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fito da shi a 2002 ƙarƙashin shirin CoralWatch. Launuka ne jere daga lamba 1, mai haske sosai, zuwa lamba 6, mai duhu. Ana kara shi kusa da murjani ba tare da an taɓa ba, a rubuta lambar wurin da ya fi haske da ta wurin da ya fi duhu, a kuma rubuta siffarsa: mai rassa ne, curi ne, faranti ne, ko mai laushi. Akan duba aƙalla 20 a fita ɗaya. Ki gargaɗe su kada su auna tsinin reshe, domin tsini fari yake ko da murjanin lafiya lau yake, nan ne yake tsiro. Su kuma koyi bambance wanda ya yi fari da wanda ya mutu: matacce ba ya daɗewa fari, gansakuka mai santsi ke lulluɓe shi ya koma dafa-dafa. Sakamakon ana iya tura shi ta intanet ya shiga rumbun da masana ke amfani da shi. Ki je Jami'ar Bahar Maliya da ke garinku, sashen nazarin teku da kamun kifi, ki nemi ko da ɗalibi ɗaya ya raka ku, ki kuma tambaye su katin.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne komawa. Wuri ɗaya za ki zaɓa, ki yi masa alama da wani dutse ko turke a gaɓa, ku riƙa komawa. Fita ɗaya hoto ce kawai. Sai an je sau uku, sau huɗu, sannan yaro zai ce, Malama, wancan curin da muka ba lamba 5 yau ya koma 3, me ya same shi? Wannan tambayar ita ce kimiyya. Watannin sanyi sun fi daɗin fita da yara, amma ki daure ki sa fita ɗaya a ƙarshen zafi, wajen Satumba, da sassafe, domin lokacin ne fari ke bayyana in zai bayyana. Haka nan bayan ambaliya. Kin san abin da ya faru da madatsar Arba'at ta karye a Agustan 2024. Duk laka da kwari ya kwaso, teku ce makomarta, kuma laka tana toshe wa murjani haske da numfashi. Littafi ɗaya mai kauri za ki tanada, na aji ba na yaro ɗaya ba, wanda 'yan aji na bana za su miƙa wa na baɗi.

Wani abu game da gaɓarku: littattafai da yawa za su ce a jira ruwa ya janye sannan a fita. Wannan na wasu tekunan ne. A tsakiyar Bahar Maliya, wajen Bur Sudan da Jidda, cikowa da janyewar ruwa na kullum ɗan kaɗan ne. Abin da za ki kula da shi iska ce. Masunta za su gaya miki ranar da ruwa zai kwanta.

Su masuntan nan kada ki tafi ba tare da ɗayansu ba. Da ɗan gari akan ci gari. Dattijon da ya yi shekara arba'in a kan huri, ƙaramin kwale-kwalen masunta, ya san inda rami yake, ya san inda ruwa ke ja, ya san sunan kowane kifi. Ki bar shi ya nuna musu harid, kifin nan mai baki kamar na aku, wanda ke kankare gansakuka daga jikin dutse ya niƙa allin ya fitar da shi yashi. Yara kan yi shiru in suka ji cewa wani ɓangare na farin yashin da suke takawa ta cikin kifi ya biyo. Ki sa su tambaye shi girman kifin najil da yake kamawa yana saurayi da wanda yake kamawa yanzu, su rubuta amsarsa a littafin nan. Ya kuma gaya musu abin da anga ke yi wa murjani in an jefa ta ba a duba ba. Iyaye ma hankalinsu ya fi kwanciya in suka ji wane ne zai raka.

Batun tsoron iyaye, suna da gaskiya, kada ki raina shi. Kada ki ɗebi hamsin a lokaci ɗaya. Goma sha biyar sun isa, da babba ɗaya ga kowane yara biyar, cikinsu da wanda ya iya ruwa sosai. Ruwa kada ya wuce gwiwa ga ƙanana. Kowa da takalmi mai rufi da kaurin tafi, ba silifas ba, saboda bushiyar teku mai dogayen ƙaya da kuma kifin nan mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. In ya harbi wani, a tsoma wurin cikin ruwan zafi iya wanda fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, a garzaya asibiti. Ba a sa hannu cikin rami. Ba a ɗaukar katantanwa mai siffar mazurari komai kyanta, dafinta na kisa. Ana tafiya a kan yashi kaɗai, a layi ɗaya, ba a taka murjani. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashi, su ɗaure mayafi da kyau, don doguwar riga in ta jiƙe tana nauyi tana kuma jan ƙafa. Kuma a halin da ake ciki ki nemi izinin hukuma a rubuce, ki nisanci tashar jiragen ruwa.

A ƙarshen kowace fita, minti goma na tsintar leda da tsohuwar koma a gaɓa, a ƙirga, a rubuta.

In kin sami hali wata rana ki kai su Sawakin. Gidajen tsohon garin da tubalin murjani aka gina su, kamar na tsohuwar Jidda. Ki sa su duba jikin bango da kyau, za su ga 'yan ramukan nan masu kamar tauraro, kowane ɗaya ɗakin dabba ɗaya ne. Ta wannan tashar kakanninki da dama suka ƙetara zuwa Makka. Yaran da suka zo daga Khartum kuwa, ki ba su riƙon bokitin tun farko. Na taɓa ganin wani yaro ɗan gudun hijira, wanda ba ya magana a aji, ya leƙa ya ga wata babbar kumba mai leɓe shuɗi ta rufe bakinta da inuwarsa ta faɗa mata. Ya ɗago ya ce, Malam, ta gan ni. Daga ranar shi ke riƙe da littafin.

TAMBAYA: Malam, ni a Sakkwato nake koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Murjani na cikin abin da muke karantawa, amma ni kaina ban taɓa ganin teku ba. Ko in mun je Legas za mu gan shi? In ba haka ba, me zan yi?
Daga wani malami, Sakkwato

AMSA: Malam, ka adana kuɗin motar. Gaɓar Najeriya ba ta da gandun murjani irin na Bahar Maliya. Kogin Kwara da sauran koguna suna zuba laka da ruwan daɗi mai yawa, ruwan ya yi duhu, gishirinsa ya ragu, murjani mai gini kuwa ba ya son ko ɗaya daga ciki.

Amma kai teku ce ta taɓa zuwa har gida. Kusan shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratso Sahara ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙasan wannan tekun ta taru, kuma a cikinta ana samun katantanwa da bushiyar teku da suka zama dutse. Wajen Dange da Wurno ma masana sun daɗe suna tono burbushin halittun ruwa. Ka samo gutsuren farar ƙasar, ka ba kowane rukuni nasu da lemon tsami ko ruwan kal. Su ɗiga su ga yana kumfa. Su yi haka da ɓawon ƙwai, su bar shi ya kwana a ciki. Sinadari ɗaya ne da na ƙwarangwal ɗin murjani. Daga nan sai ka gaya musu cewa teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa, wanda hakan ke ƙara mata tsami sannu a hankali, ginin murjani ya riƙa wahala. Ka faɗa musu gaskiya cewa teku ba ta kai tsamin lemo ba, ko kusa. Gwajin hanya yake nunawa.

Aikin igiya da na bayyana wa Malama kuwa ba na teku kaɗai ba ne. Ka kai shi fadama ko bakin gulbin Rima: ƙulli 40, me ke ƙarƙashin kowanne, ciyawa ko laka ko yashi ko leda. Ka fenta murfin tukunya fari da baƙi, ka ɗaura masa igiya, a sauke shi a ruwa daga kan kwale-kwale ko gada har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar. Da damina da rani lambar za ta bambanta, su nemo dalili. Sai dai ka hana su tsoma jiki a ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya.

TAMBAYA: Baba, ni 'yar aji shida ce. Kakata tana da jan murjani da ta gada wurin mahaifiyarta. Shi ma daga irin wannan dabbar yake? Sunana ma daga shi aka samo.
Daga wata ɗaliba, Damagaram

AMSA: 'Yata, sunanki mai kyau ne, kuma yana cikin Alƙur'ani: a Suratur Rahman, aya ta 22, an ambaci lu'ulu'u da murjani suna fitowa daga ruwa.

Na kakarki ɗan'uwan wancan ne, amma ba shi ba ne. Jan murjani na ado a Bahar Rum aka fi samunsa. Yana zama a wurare masu duhu, cikin kogo ko can ƙasa, ba shi da gansakukar nan a jikinsa, kuma ba ya gina gandu. Yana da rassa kamar ƙaramin itace, kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara, shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma yawan ciro shi ya rage manyansa. Garin Torre del Greco kusa da Napoli a Italiya ya yi suna wajen sassaƙa shi. A da fatake ke kawo shi ƙasar Hausa ta Sahara daga Tarabulus, kuma Damagaram na kan wannan hanyar, don haka mai yiwuwa na gidanku a kan raƙumi ya iso.

Ki roƙi Kaka ta bar ki ki duba shi a cikin haske. Na gaske yana da sanyi a hannu, ya fi roba nauyi, kuma in ba a goge shi sosai ba za ki ga wasu siraran layuka a tsaye a jikinsa. Kada ki ɗiga masa lemon tsami don gwaji, zai ci shi ya dusar da ƙyallinsa. In ya yi datti a goge shi da tsumma mai laushi, a ajiye shi nesa da turare.